Kwafi ko aro? Tambayoyi da amsoshi kan kwafar gutsattsarin rubutu a rumbun takardun ofishin alhazai

Duk shekara, da zarar Shawwal ya kama, ofisoshin da ke yi wa alhazan Najeriya, Nijar da Gana hidima a Makka, Madina da Jidda sukan ɗauki ƙarin hannu: masu fassara, masu buga rubutu, ɗaliban jami'a da ke neman aikin hutu. A buɗe musu rumbun takardu, a ce su shirya jagorar bana. Abu na farko da hannunsu ke kai wa shi ne maɓallin kwafi. Tambayoyin nan su ne suka fi dawowa teburina, wasu kafin a danna maɓallin, akasari bayan an danna.

1. Mene ne "gutsure", kuma da me ya bambanta da fayil?

A da, jagorar mahajjaci fayil guda ce: a buɗe ta a Word, a rubuto tun daga shafin farko har na ƙarshe. A rumbun takardu na zamani kuwa ana yanyanka rubutun, kowane yanki da batu ɗaya tak: yadda ake ɗaura harami, lambobin gaggawa, yadda ake neman izinin shiga Rauda, abin yi idan fasfo ya ɓace. Kowane yanki shi muke kira gutsure. Kundi kuma jerin gwano ne kawai, yana cewa a fara da wannan gutsuren, a biyo da wancan. Rubutun ba ya cikin kundin, yana can cikin rumbu.

Wannan salon ba jiya aka fara shi ba. Kamfanin IBM ne ya ƙirƙiro DITA, wani tsarin rubuta takardu gutsure-gutsure, ya miƙa wa ƙungiyar OASIS a 2004, aka amince da sigar farko a 2005. Manhajar Paligo an gina ta kan DocBook, wani tsarin rubuta takardu da ya girmi DITA. Manhajojin Confluence da Notion sun fi sauƙi, amma su ma suna da hanyar nuna rubutu ɗaya a wurare da yawa. Abin riƙewa a nan shi ne: yawanci manhaja ba da suna take gane gutsure ba, da lambar shaida take gane shi, lambar da ita ta ba shi ranar da aka ƙirƙire shi.

2. Idan na danna kwafi, me ke faruwa a zahiri?

Manhaja tana haifar sabon gutsure, ta zuba masa rubutun na farko kamar yadda yake a wannan lokacin, ta ba shi sabuwar lambar shaida. Shi ke nan. Daga nan babu igiyar da ta haɗa su. A ido iri ɗaya ne, amma kama da wane ba ta wane. Na farkon muna kiransa uwa, sai dai uwa ce da ba ta san inda ɗanta ya shiga ba.

3. Malam, ka ce in yi "aro" maimakon kwafi. Ina bambancin? Kuma mene ne reshe?

A ce gutsuren lambobin gaggawa ne: 911 a yankin Makka, 997 na motar asibiti ta Hilal Ahmar, 937 na shawarar lafiya daga ma'aikatar lafiya. Wannan bayanin dole ya fito a jagorar Hajji, da ta Umara, da takardar da ake mannawa a bayan ƙofar ɗaki a masaukan Misfala da Aziziyya, da shafin intanet. Idan ka kwafe shi sau huɗu, ka ɗora wa kanka wurare biyar da za ka riƙa tunawa da su. Idan ka are shi, gutsure ɗaya ne ke zaune a rumbu, kundaye huɗun suna nuna shi ne kawai. Ka gyara sau ɗaya, gyaran ya bayyana ko'ina.

Kowace manhaja da sunan da ta ba aro. A DITA ana yinsa da abin da ake kira conref. A Confluence akwai hanyar jawo shafi ko wani yankinsa cikin wani shafin. Notion ta kawo tubalin da ke tafiya tare a 2021, Google Drive kuma ta kawo gajerar hanya a 2020, wadda ke sa fayil ɗaya ya bayyana a folda da yawa ba tare da ya zama biyu ba.

Reshe yana tsakanin biyun. Kwafi ne da bai manta da uwarsa ba. Ana cire shi a gefe, a yi masa gyara a natse, misali ana jiran sabbin ƙa'idoji daga ma'aikatar Hajji da Umara, alhali uwar tana nan tana yi wa masu Umara aiki. Idan an gama sai a mayar da shi cikin uwar, manhaja ta jera bambancin a zaɓa. Ba kowace manhaja ce ke da reshe ba. In taku tana da shi, yawancin abin da kuke yi wa kwafi reshe ya dace da shi.

4. To yaushe ne kwafi yake daidai?

Lokacin da rubutun biyu za su rabu, rabuwa ta gaskiya, ba su da niyyar sake haɗuwa. Misalin da nake bai wa sabbin ma'aikata shi ne na harami. Alhajin da jirginsa ya sauka Madina, zai yi kwanakinsa na ziyara, sannan ya ɗaura harami a Zul-Hulaifa, wurin da direbobi ke kira Abyar Ali, a hanyarsa ta zuwa Makka. Wanda zai sauka Jidda ya zarce Makka kai tsaye kuwa, shirinsa daban ne, tun kafin saukar jirgi ake maganar haraminsa. Kanun gutsattsarin biyu iri ɗaya ne, tsarinsu iri ɗaya, amma cikinsu ba zai taɓa zama ɗaya ba. A nan ka kwafi na Madina, ka mayar da shi na Jidda, ka kai wa malamin ofis ya duba. Ba ka yi laifi ba.

Haka nan idan tsarin shafi kake so ba rubutunsa ba, ko kana son wurin gwaji da ba zai taɓa aikin jama'a ba. Tambayar da za ka yi wa kanka kafin ka danna ita ce: in gobe an gyara uwar, ina son wannan ma ya gyaru? In amsar e ce, koma tambaya ta 3. In bambancin kalma biyu ne ko uku, duba ta 11.

5. Na gyara uwa amma kwafin bai canja ba. Manhajar ce ta lalace?

Lafiyarta ƙalau. Haka kwafi yake, kamar yadda aka faɗa a tambaya ta 2. Ko dai ka bi shi ka gyara da hannu, ko ka cire shi ka sa aro a gurbinsa, yadda aka bayyana a ta 16.

6. Ni kuma akasin haka ya same ni: na kwafi kundi, na gyara a cikin kwafin, sai na tarar kundin asali ya canja. Ta yaya?

Wannan ce tambayar da ake zuwa min da ita a guje. Ka tuna kundi jerin sunaye ne. Da ka kwafe shi, a manhajoji da yawa jerin kawai aka kwafa. Sabon kundin yana nuna gutsattsarin da tsohon ke nunawa, su ɗin dai, ba wasu ba. Kamar ka sake rubuta jerin sunayen mutanen tanti ne a wata takarda: takarda ta zama biyu, mutanen ba su ƙaru ba. Da ka buɗe "Jifan Jamra" daga sabon kundin ka taɓa shi, uwar ka taɓa.

Saboda haka kwafin kundi iri biyu ne: na sama-sama, wanda ke ɗaukar jeri kawai, da mai zurfi, wanda ke haifar sabon kwafi ga kowane gutsure da ke ciki. Wasu manhajojin sukan tambaye ka wanne kake so, a ƙaramin akwatin da kowa ke danna wa "to" bai karanta ba. Ni na fi son na sama-sama, domin daga baya kana iya zaɓar gutsure biyu ko uku da suke buƙatar rabuwa ka kwafe su su kaɗai. Mai zurfi yana ninka rumbu a dare ɗaya.

Idan ɓarnar ta riga ta auku, kada ka yi ta gyara da hannu kana ƙoƙarin tuna yadda yake da. Buɗe tarihin gutsuren, ka dawo da sigar da ta gabaci taɓawarka, sannan ka gaya wa mai kula da rumbu ko an riga an wallafa wani abu a tsakani.

7. Me ke bin kwafi, me ke zama a baya?

Rubutu da tsarinsa suna bi. Tarihin gyara ba ya bi. A Google Docs kwafi yana farawa da farin tarihi, ana dai ba ka zaɓi ko a taho da sharhi da shawarwarin gyara, da ko a buɗe wa mutanen da ke ganin uwar. A SharePoint, ma'ajiyar takardu ta Microsoft, idan ka kwafi takarda, sigar ƙarshe kaɗai ke zuwa. In kana son tsofaffin sigogi su biyo, matsar da ita za ka yi, ba kwafa ba. A Confluence ma tarihin shafi da sharhinsa suna zama wurin uwa.

Wannan yana da nauyi a aikinmu fiye da yadda ake zato. Gutsuren da ya shafi hukunci, kamar abin da ke kan wanda ya bar Muzdalifa da wuri, malami ya duba shi, ya yi sharhi, an daidaita kalmomi. Kwafin ba ya ɗauke da shaidar wannan dubawa. Ko da alamar "an amince" ta biyo shi, mayar da shi daftari, don abin da aka amince da shi uwar ce.

8. Hotuna da taswirori fa? Su ma suna zama biyu?

Ya danganta da inda hoton yake zaune. A manhajojin da ke aiki da gutsattsari, hoto yana da ma'ajiyarsa, gutsure nuna shi kawai yake yi. Uwa da kwafi suna kallon taswirar Mina guda. In ka ɗora sabuwar taswira a kan tsohuwa don kwafinka, ta uwar ma ta tafi. Ɗora ta da sabon suna, ka nuna wa kwafin ita. A Word da Google Docs kuwa hoton yana cikin takardar, yana tafiya da ita, babu ruwan wani da wani. A Confluence abin da aka maƙala wa shafi ana kwafe shi tare da shafin, ya zama na kwafin.

9. Mahaɗan da ke cikin kwafin ina suke kai mutum? Lambar QR da muka riga muka buga fa?

Mahaɗi yana bin lambar shaida ko adireshin da aka ba shi tun farko. Kwafin jagorar Jidda da ka ciro daga ta Madina yana iya cewa "duba yadda ake ɗaura harami", mai karatu ya danna ya faɗa Abyar Ali. Bayan kowane kwafi mai zurfi, bi mahaɗan ɗaya bayan ɗaya. Aiki ne mai gundura, na sani.

Mahaɗan da ke shigowa daga waje kuwa duk uwar suka sani. Lambar QR da aka buga a katin masauki ko a jikin motar alhazai tana kai wa ga tsohon adireshi har abada. Idan kuka kwafi shafi, kuka koma gyara kwafin kuka bar uwar, to duk Hajiyar da ta haska wayarta a katin tsohon bayani za ta samu. Shafin da aka buga wa QR ba a maye gurbinsa da kwafi, shi ake gyarawa. In ya zama dole a sauya, a sa tsohon adireshin ya riƙa tura mutum zuwa sabon. Idan kuma shafuka biyu masu rubutu ɗaya za su zauna a intanet tare, akwai alamar da Google, Yahoo da Microsoft suka amince da ita a 2009, wadda ke gaya wa injin bincike wanne ne na asali.

10. Na kwafi gutsure na Larabci. Fassararsa ta Hausa da Faransanci za su biyo?

A wasu manhajojin suna biyowa, a wasu sai ka zaɓa, a wasu kuma kwafin yana zuwa da harshen asali kaɗai. Kwafi gutsure ɗaya ka duba yadda taku take yi kafin ka kwafi kundi. Amma ko sun biyo, lissafin bai canja ba. Gutsure ɗaya mai harsuna huɗu, rubutu huɗu ake kula da su. Ka kwafe shi, sun zama takwas. Duk gyaran da za a yi sai ya bi ta hannun mai fassara sau biyu, kuma a tsakiyar Zulƙida mai fassarar Hausa da ke jin Larabcin ma'aikata ba a samunsa a banza.

Idan ofishinku yana da ma'ajiyar fassara, wato manhajar da ke tuna kowace jimla da aka taɓa fassarawa, za ta cike kwafin da kanta muddin ba a taɓa jimlar ba. Wannan yana rage wahalar ranar farko. Ba ya hana rabuwa daga baya. Na ga jagora ɗaya da ta ce "ɗawafin bankwana" a wani babi, "ɗawafin sallama" a wani, tsofaffi suna tambaya ko guda biyu ne za su yi. Da aka bincika, gutsure ɗaya ne aka kwafa, mutum biyu suka gyara.

11. Jagorar alhazan Nijar da ta Najeriya kusan ɗaya ce. Ba gara a kwafa ba?

A'a, kuma a nan ne aka fi yaudaruwa. Ka lissafa abin da ya bambanta: hukumar da alhaji zai tuntuɓa, NAHCON ga na Najeriya, COHO ga na Nijar, kuɗin gida, naira ko sefa, filin jirgin komawa, sai 'yan kalmomi na aro, wani daga Turanci wani daga Faransanci. Ɗawafi ɗaya ne, Arfa ɗaya ce, zafin rana ɗaya ne.

Ga irin wannan akwai hanya biyu. Ta farko gurbi: a rubuta jimla a bar wurin sunan hukuma, kowane kundi ya cike da nasa lokacin wallafa. Ta biyu sharaɗi: a yi wa sakin layi alama cewa na Nijar ne kaɗai, ba zai fito a ɗayan kundin ba. Ko bambancin rubutu, inda Najeriya ke rubuta 'y Nijar ke rubuta ƴ, bai isa dalilin raba gutsure ba. Idan manhajarku ta yarda, ku ɗauki Hausar Nijar a matsayin reshen harshe mai lambarsa, ta riƙa bin uwa ɗaya. Sai dai kada a wuce gona da iri. Gutsuren da sharuɗɗa suka yi masa yawa har mai rubutu ba ya iya karanta shi a jere, ya nuna da ma abu biyu ne, sai a raba shi kamar yadda aka ce a tambaya ta 4.

12. Muna son jagorar bana. Ba sai mu kwafi ta bara mu sauya shekara ba?

Haka kowa ke yi, kuma haka tsohon bayani ke rayuwa shekara da shekaru. Saudiyya ƙasa ce da ƙa'idojinta ke sauyawa da sauri. A 2013 hutun mako ya tashi daga Alhamis da Juma'a ya koma Juma'a da Asabar. A shekarar ce lambar wayar Makka da Jidda ta tashi daga 02 ta koma 012, ta Madina daga 04 ta koma 014. Jirgin ƙasan Haramain ya fara aiki a 2018. Harajin kaya ya shigo da kashi 5 cikin ɗari a Janairun 2018, ya koma kashi 15 a Yulin 2020. Manhajar neman izinin Umara, Eatmarna, da aka fito da ita a 2020 ta ba Nusuk wuri a 2022. A wani ofis da na yi aiki, mun buga jagora mun raba, tana gaya wa alhazai su sauke Eatmarna, alhali an daɗe da sauyawa. An gyara uwar tun tuni. Mu daga kwafin kwafi muka ɗauko.

Abin da ya fi shi ne a raba gutsattsari gida biyu. Akwai waɗanda ba sa motsi, kamar ladubban ziyara da addu'o'i. Waɗannan aro za a yi. Akwai masu sauyawa duk shekara: kwanan wata, masauki, lambar tanti, jadawalin motoci. Su kuma a mayar da su gurabe. Ranar Arfa ta kama 15 ga Yuni a 2024, ta kama 5 ga Yuni a 2025, kuma haka za ta ci gaba da ja baya da kwana goma ko sha ɗaya. In an rubuta ta da hannu a wurare da yawa, sai an manta da ɗaya.

Ta bara kuma a kulle ta. A fitar da ita PDF, ko a ɗaure sigarta a manhaja yadda gyaran bana ba zai taɓa ta ba, don wata rana za a tambayi abin da aka gaya wa alhazai a waccan shekarar.

13. Da maɓallin kwafi da in zaɓi rubutu in liƙa a sabon shafi, ba ɗaya ba ne?

Ba ɗaya ba ne. Maɓallin yana ɗauko gutsure da duk abin da ke ƙarƙashinsa: alamar harshe, alamar cewa wannan layin daga dama yake farawa, gurabe, sharuɗɗa. Liƙawa da hannu abin da ido ke gani take ɗaukowa. Gurbi ya zama rubutu daskararre, aro ya zama kwafi ba ka sani ba. In daga PDF ka ɗauko, talbiyya da addu'o'in Larabci sukan zo a hargitse, haruffa a juye ko wasulla sun zube. In kuma tsohuwar takarda ce da aka buga da rubutun da ba na Unicode ba, ƙ da ɗ da ɓ sukan rikiɗe su zama wasu alamomi, ko ƙugiyar ta faɗi, a wayi gari "ƙofa" ta zama "kofa", "ɓata" ta zama "bata". Addu'a dai kada a taɓa liƙa ta. A ajiye ta gutsure guda da aka tantance, kowa ya ara.

14. Wane suna zan ba kwafi?

Ba wanda manhaja ta ba shi ba. "Kwafin kwafin jagora na ƙarshe 2" ba suna ba ne. Confluence ba ta yarda shafi biyu su ɗauki suna ɗaya a fili guda, Google Drive kuwa tana yarda, har a folda ɗaya, shi ya sa rikici ya fi yawa a can. Sa sunan ya faɗi dalilin rabuwar: "Harami, masu sauka Jidda". Sannan a wurin bayanin gutsure rubuta layi ɗaya: daga wane gutsure aka ciro shi, yaushe, don me. Manhaja ba za ta tuna maka ba.

15. Wa ke da kwafin, kuma wa zai iya ganinsa?

A Google Drive, wanda ya kwafa zuwa ma'ajiyarsa shi ne mai shi. Ɗalibin da ya yi muku aikin wata biyu, ya koma karatu bayan Hajji, ya tafi da mallakar duk abin da ya kwafa a asusunsa. A sa kowa ya yi aiki a ma'ajiyar ofis ta tarayya, inda fayil na ofis ne ba na mutum ba.

Izinin gani kuma yawanci na wurin da kwafin ya sauka ne yake hawa kansa, ba na inda ya fito ba. Takardar da mutum uku ke gani, ka kwafe ta zuwa foldar da kowa ke shiga, kowa ya gani. Idan akwai lambar fasfo, lambar waya ko bayanin rashin lafiyar alhaji a ciki, maganar ta wuce ta tsabtar aiki. Dokar kare bayanan mutane ta Saudiyya ta fara aiki a 14 ga Satumban 2023, wa'adin shiri ya ƙare a 14 ga Satumban 2024, hukumar SDAIA ke sa ido a kanta. Fom ɗin da aka cike ba a kwafarsa don a samu fanko. A ajiye fankon daban tun farko.

16. Mun riga mun tara kwafe-kwafe. Ta ina za mu fara?

Ba a lokacin aikin Hajji ba. A bari sai Muharram ko Safar, bayan jirgin ƙarshe ya tashi. A fara da abin da kuskurensa ke cutarwa: lambobin gaggawa, bayanin asibiti, shawarar zafi, ƙa'idar izinin shiga Masha'ir, wato Mina, Arfa da Muzdalifa. Bayan Hajjin 2024, wanda ministan lafiya na Saudiyya ya ce mutum 1,301 suka rasu a cikinsa, akasarinsu marasa izinin Hajji, babu ofishin da ya kamata ya bar shawarar zafin rana tana yawo iri-iri a rumbunsa.

Don gano kwafe-kwafen, ɗauki jimla ɗaya da ba a saba rubutawa ba daga cikin uwar, ka nema a rumbu gaba ɗaya. Duk inda ta fito, ɗan gida ne. Jera su, ka gwama, domin sau da yawa gyara mafi kyau yana cikin wani kwafi, ba cikin uwar ba. Tattara gyaran wuri guda, a duba, a amince. Sannan a bi kowane kundi a cire kwafi a sa aro. Kada a goge komai a ranar. A kai su foldar ajiya, a rubuta musu "an daina amfani", a bar su har Umarar Ramadan ta wuce.

17. Idan na goge kwafi, uwar za ta taɓu?

In kwafi ne na gaskiya, ba abin da zai same ta. Haɗarin shi ne ka ɗauka kwafi ne alhali aro ne, ko kundi ne na sama-sama irin na tambaya ta 6. Cire gutsure daga kundi daban, goge shi daga rumbu daban. Na farko jerin kawai ya shafa, na biyu yana barin rami a duk kundin da ke nuna shi. Kafin ka goge, duba lambar shaida, sannan ka buɗe wurin da manhaja ke nuna inda ake amfani da gutsuren. In ka ga kundin da ba naka ba a jerin, janye hannunka ka tambaya.

In kuma aikin gama ya gama, je kwandon shara tun da wuri. Google Drive tana riƙe abin da aka goge kwana 30, SharePoint kwana 93. Dawo da shi daga can, kada ka sake ƙirƙirar wani da suna iri ɗaya, don sabon zai zo da sabuwar lamba, kundayen kuma tsohuwar suke nema.